Shekarar da Kwamfutar Kabo Ta Daina Magana da Legas

Kawuna Alhaji Sale, ƙanin mahaifiyata ciki ɗaya, shi ne ya tsaya a ƙofar masallacin Juma'a a Kabo, mutane suna neman takalmansu, ya ce ni Garba na lalata kwamfutar ƙungiyar manoman wake da kallon hotunan matan banza. Bai ja ni gefe ba, bai aika a kira ni zaure ba. A nan gaban masu rake da masu turare ya miƙo hannu ya ce in ba shi makullin ofis. Na ciro na ba shi. Shekarar kuwa ba ta wasa da irin wannan magana ba ce. Shari'a ba ta daɗe da dawowa ba, kowa kunnensa a tsaye yake, kuma mutumin da aka ce yana kallon tsiraici a cikin akwati ko sallamarsa da ƙyar ake amsawa.

Dominku nake rubuta wannan, 'ya'yana, don na san maganar ba ta mutu ba, kwanciya kawai ta yi. Ke Hauwa kin fi kowa tunawa, ke ce kika dawo daga Islamiyya kika ƙi cin abinci, kika ƙi faɗar abin da 'yan ajinku suka ce miki. Sauranku kun taso kun tarar ba ma zuwa gidan Kawu gaisuwar Sallah, ba wanda ya gaya muku dalili. To ga dalilin. Ban iya tsara magana irin ta masu digiri ba, yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Ba ni da tarihin makaranta da zan ba ku. Ina aji uku na sakandare aka shiga tsuke bakin aljihu, lokacin da mutum zai wuni a layi don sabulu da madarar gwangwani, Baba ya ce ba zai iya ba, in dawo. Na dawo. Na zauna wurin wani mai gyaran rediyo a tashar Gwarzo har hannuna ya saba da waya da dalma. Daga nan wani shiri na inganta noman wake ya zo Kabo, suka ɗauke ni in riƙa tayar musu da janareta. Ina tsaye a bayan ma'aikatansu ina kallon yatsunsu, haka na koyi kwamfuta, ba wanda ya zaunar da ni. Da kuɗin shirin ya ƙare suka tattara suka tafi, suka bar wa ƙungiya babban sikeli, da na'urar gwada danshin wake, da kwamfuta guda da firinta. Suka bar ni ni ma, tunda ba wanda ya san inda ake dannawa sai ni.

A cikin kwamfutar akwai wata manhaja da wani ma'aikacinsu ya rubuta kafin ya bar ƙasar. Tsohuwa ce, fuskarta shuɗiya, ba hoto ba ado, amma ita kaɗai ke jin maganar sikelin nan da na'urar danshi. Manomi zai kawo buhunansa daga Getso ko Jama'a ko ƙauyukan Kabo, a ɗora, manhaja ta karanta nauyi da danshi, firinta ta fitar masa da 'yar shaidarsa. Da yamma in haɗa layin tarho, ta aika duk abin da aka auna zuwa babbar kwamfutar wani kamfani a Legas da ke sayen wakenmu. In kamfani ya ga kaya sun kai cikin mota, sai ya turo tirela. Ba mudu, ba cika da toroko, ba dillali mai danna wake da babban yatsa ya ce jiƙaƙƙe ne. Manoma sun ji daɗin wannan tsari. Dillalai ba su ji ba, kuma Kawu, ko da yake shi ne shugaban ƙungiya, asalin sana'arsa sayen hatsi ce yana kai wa kasuwar hatsi ta Dawanau.

Tun da damina mutanen Legas suka bugo waya suka ce za su rufe hanyar da saƙonmu ya saba bi. Ɓarayin intanet sun dame su, daga yanzu babbar kwamfutarsu ba za ta karɓi saƙo ba sai wanda ya zo a kulle. Na je na sami Kawu a rumfarsa.

"Kawu, Legas sun ce bayan damina sai saƙo mai kulle za su karɓa."

"To ka sa masa kwaɗo mana."

"Ba irin wannan ba. Manhajarmu ba ta san shi ba. Sai an nemo wanda ya sani."

"Kai ba ka sani ba ke nan? Ashe banza muke ba ka alawus. Bari kaka ta zo mu gani."

Kaka ta zo muka gani. Wake ya yi kyau a shekarar, sito ya fara cika, na haɗa layi na danna aikawa, kwamfuta ta yi ta jira, ta yi ta jira, ta ce an ƙi ta. Washegari haka. Mako ya zagayo haka. Manoma suka fara tsayawa a ƙofar ofis suna tambaya ina tirela. Wake ba gero ba ne, ba ya jiran mutum, ƙwaro na nan yana jiransa. A Juma'ar da surutu ya yi yawa ne Kawu ya nemo wa mutane wanda za su zaga. Ban shiga zuciyarsa ba, ba zan ce ga abin da ya ƙulla ba. Abin da idona ya gani shi ne, kafin wata Juma'ar yaransa sun fara bin gidajen manoma da buhuna, suna saye a farashin da ya ga dama.

Ranar da ya karɓi makullin na koma gida ban san ta inda na bi ba. Labari ya riga ni. Inna, kakarku, tana zaune a kan tabarmarta da carbi, ba ta ɗago ba ta ce:

"Sale ni na goya shi. Tun yana yaro bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Ka yi haƙuri, Garba, na gaba ne."

"Inna, da ya ce na saci kuɗi da na yi haƙuri."

"To me za ka yi? Ka kai ƙanina gaban alƙali?"

Abin da ke raina ke nan, amma na ga ba zan iya yi mata haka ba. Mahaifiyarku Rabi tana bakin murhu, duk tana ji. Sai da na shiga ɗaki ta biyo ni ta saki labule.

"Baban Hauwa, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ba zan sake ba. Ka yi?"

"Ban yi ba."

"To tashi ka ci tuwo. Rantsuwa ba za ta wanke ka ba, a garin nan kowa ya iya rantsuwa. Abin nan ya tashi ya yi aiki, shi ne kawai."

Ita ta faɗi gaskiyar. In kwamfuta ta ci gaba da zama shiru, maganar Kawu ta tabbata ke nan har abada. In ta yi magana da Legas, kuma aka san abin da ya hana ta, to kowa zai san wanda ya yi ƙarya ko da ba a faɗa ba.

Makulli na biyu yana hannun mataimakin shugaba, Malam Buba na Jama'a. Dattijo ne, kakanninsa makiyaya ne, shi kuma ya zauna yana noma yana kiwo. Na hau keke na same shi yana ba tumaki harawa. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi gida da yara da gajiya, sai da muka ƙare tsaf na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ajiye harawar ya juyo.

"Ni ban san kwamfuta ba," in ji shi. "Na dai san wakena yana sito. Zan buɗe maka, amma ƙafata ƙafarka. In ka zauna na zauna, in ka tashi na kulle. Matan nan da ake faɗa, in sun fito ni ma in gan su da idona."

Haka aka yi. Ya kawo buzunsa ya shimfiɗa a gefen tebur, ya sa ido a kan gilashin kwamfuta kamar mai gadin gona.

Wanda ya san aikin kuwa ta hannun tsohon maigidana na tashar Gwarzo na same shi. Malam Yusha'u, ɗan Getso ne, yana koyar da kwamfuta a wata kwaleji a Kano. Mai ilimi ne na gaske, irin wanda ba ya raina tambaya. Na je har Kano na same shi, ya ce zai riƙa zuwa ranakun da ba shi da aji, kuɗin mota kawai zan ba shi, don mahaifinsa ma ɗan ƙungiyar ne. Da ya zo ya duba manhajar ya yi dariya, ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana ɗalibi. Na ce a sake ta da sabuwa mana. Ya ce sabuwa ba za ta ji maganar sikelin ba, wanda ya rubuta wannan kuma ba a san inda yake ba, ba mai iya buɗe cikinta ya gyara. Sai ya juyo ya yi mana bayani, ni da Malam Buba.

"Baba, ka ɗauka tsohuwa ce da ta saba leƙawa ta katanga ta ƙwala wa maƙwabciya saƙo, kowa na ji. Yanzu maƙwabciya ta ce ba ta karɓar saƙo sai a cikin akwati a kulle, kuma sai an duba shaidar cewa gidan da aka kawo shi ne gidan. Tsohuwa ba za ta koyi wannan ba, ta tsufa."

"To sai a yi mata ɗan aike," in ji Malam Buba.

"Shi ke nan ka gama aikin. Akwai 'yar ƙaramar manhaja da aikinta ke nan. Za mu canja adireshin da tsohuwa ke aikawa, maimakon Legas ta riƙa miƙa wa ɗan aike a nan cikin gida. Ita tana zaton da Legas take magana. Shi zai karɓa, ya duba satifiket ɗin kamfani, wato shaidar nan tasu, ya tabbatar su ne, ya kulle saƙo ya kai. In amsa ta zo ya buɗe ya miƙa mata yadda ta saba ji."

Na ji abin ya zauna mini daram. Ya sa ɗan aiken a cikin kwamfutar, ya nuna mini inda ake rubuta adireshi da lambar ƙofa, ya sa na rubuta da hannuna don in iya ko ba ya nan. Muka haɗa layi. Tsohuwa ta miƙa, ɗan aike ya karɓa, ya tafi Legas, ya dawo ya ce ba zai ba da saƙo ba, satifiket ɗin kamfani ya daɗe da mutuwa.

Malam Yusha'u ya bugo Legas. Suka ce satifiket ɗinsu sabo ne fil, kowa na shiga lafiya, mu ne dai. Ya sake sa ɗan aiken daga farko. Ya zo da wani a faifai daga Kano. Ya canja igiyar tarho. Duk amsa ɗaya. Ya ce akwai yadda za a hana ɗan aike duba satifiket ɗin gaba ɗaya, amma shi ba zai yi ba, don in an yi haka kowane ɗan damfara zai iya tsayawa a hanya ya ce shi ne kamfani, kullen ya zama na banza. Na ji haushinsa a ranar, ban ɓoye muku ba, ni so nake kawai abu ya tafi. Ya koma Kano ya dawo, ya koma ya dawo. Yaran Kawu kuwa ba su huta ba. Wata rana shi da kansa ya biyo ta bakin taga a kan babur, ya rage gudu.

"Malam Buba, har yanzu ana kallo?"

"Ana kallo, Alhaji. Rubutu dai nake gani fari a kan shuɗi. In matan suna ciki, to sun sha lulluɓi."

Abin da ya warware mana ya zo ne ranar da wata ya kama. Malam Yusha'u ya iso da hantsi yana ajiye jaka, ni kuma na kunna kwamfuta, na shiga wurin agogo kamar yadda na saba, na fara canja lamba.

"Garba, me kake taɓawa?"

"Jiya an ga wata. Yau ɗaya ga wata, ina gyarawa."

"Wane watan?"

"Na Musulunci mana."

Ya ajiye jakar a hankali ya zo ya tsaya a bayana.

Ga yadda abin yake. Lokacin da aka dawo da Shari'a, ƙungiya ta yi taro aka yanke cewa 'yar shaidar da ake ba manomi ta riƙa fita da kwanan watan Hijira. Kowa ya yi na'am, ni ma na yi, kuma har gobe ban ga aibin wannan ba, manomi da watan sama yake lissafi. To manhajar ba ta da wurin zaɓen kalanda, agogon kwamfuta take kallo ta kwafa, kuma lamba biyu ta ƙarshe kawai take bugawa a shekara. Sai muka saita agogon ya bi namu: rana tamu, wata namu, shekara kuma lamba biyun ƙarshe na shekarar Hijira. A takarda abin ya fita daidai, manomi ya karanta ya gane. Duk sanda aka ga wata sai in gyara. Safar ne kawai ke ba ni wahala, don kwamfuta ta ɗauka Fabrairu ne, ba ta yarda ya cika. Tun daga nan muna haka ba abin da ya faru, mutanen Legas nauyi da lambar buhu suke dubawa. Amma ita kwamfuta, a nata hankalin, mun yi gaba da shekara ashirin da ɗoriya. Shekarar da take zaton muna ciki a lokacin, sai yanzu da furfura ta cika mini gemu muka zo kusa da ita.

Malam Yusha'u ya zauna a kan buhu ya yi dariya har da hawaye. Ya ce shi ya duba komai ban da agogo, don bai taɓa jin inda aka yi haka ba. Satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, ɗan aike kuma agogon gida yake kallo ya gwada. Duk satifiket ɗin duniya matacce ne a wurin wanda ke zaune shekara ashirin a gaba.

"Ashe ɗan aiken ba shi da laifi," in ji Malam Buba. "Mu ne muka ce masa an yi Sallar da ba a yi ba."

Muka mayar da agogo kan kwanan watan Bature don gwaji. Ɗan aike ya tafi, ya duba, ya yarda, hanya ta buɗe. Na ga rubutun da ke cewa an haɗu, na ce alhamdulillahi. Amma murnar ba ta yi nisa ba. Tsohuwar manhaja ta ga ranar yau ta riga ranakun duk awon da ke cikinta, ta ƙi karɓar sabon buhu, ta ƙi aika na da. Ko da ma ta yarda, ni na san garinmu. In shaidar manomi ta fita da watan Bature, kafin la'asar Kawu zai ce ɗan yayar nan tasa bayan kallon tsiraici ya kuma cire kalandar Musulunci ya sa ta Nasara. Wannan ta fi ta farko nauyi a shekarar. Malam Yusha'u ya ce hanya ɗaya ce: a raba musu ɗaki. Tsohuwa ta zauna a kwamfutarta da watanta na sama. A samo wata kwamfutar, ko ta hannu ce, a sa ɗan aike a ciki da agogon da duniya ke bi, a haɗa su da igiya, layin tarho ya koma jikin ta biyun.

Malam Buba ya kai maganar gaban Kawu a matsayinsa na shugaba. Kawu ya ce ƙungiya ba ta da kuɗin saya wa Garba akwatin kallo na biyu.

Abin da na mallaka a duniya mai daraja a lokacin shi ne bijimaina biyu na huɗa. Tun suna maruƙa na saye su, ni na hore su, da su nake noma gonar Baba in kuma yi wa mutane huɗa da damina mu sami na cefane. Na zauna a tsakar gida na faɗi abin da na yanke. Inna ta ajiye carbi.

"Shanun? Don kwamfutar da ba taka ba? Garba, mutane mantuwa gare su. Bana su zage ka, baɗi su zo biki gidanka."

"Su za su manta, Inna. Hauwa ba za ta manta ba."

"Da me za ka yi noma?"

Rabi ce ta amsa mata, a ladabce, idonta a ƙasa.

"Inna, da fartanya. Da ita aka yi kafin shanu. Sa in an sayar ana sayen wani. Wannan abin da aka liƙa masa, in ya bushe a jikinsa, har 'ya'yan Hauwa sai an goranta musu."

Na kora su kasuwar Getso da ƙafa. Ban tsaya na ga wanda ya saya yana ɗaura musu igiya ba. Daga can na wuce Kano, ni da Malam Yusha'u muka zaɓo wata kwamfuta ta hannu, fentinta ya koɗe amma cikinta lafiya. Kada ku ɗauka abin bai ci mu ba. Daminar da ta biyo rabin gonar Baba haka ya kwana ba a nome ba, bayana bai sake komawa daidai ba, kuma kun sha kunu a daren da ya kamata ku ci tuwo. Mahaifiyarku ba ta taɓa buɗe baki ta ce da ka sani ba.

Muka jera su biyu a kan tebur, tsohuwa da baƙuwa, igiya a tsakaninsu. Wannan karon Malam Yusha'u ya naɗe hannu ya ce ni zan yi. Na rubuta wa tsohuwa adireshin maƙwabciyarta. Na rubuta wa ɗan aike adireshin Legas da lambar ƙofarsu mai kulle, na nuna masa satifiket ɗin da zai gwada da shi. Na duba agogon wannan, watan sama. Na duba na waccan, watan Bature. Na yi bismilla na danna. Awon da ya taru tun farkon kaka ya fara tafiya, layi bayan layi, lambobi suna gudu a kan shuɗin gilashi. Ba a jima ba tarho ya yi ƙara. Wata mata ce daga ofishin kamfani, tana tambaya da Turanci wane irin kaya ne haka muka tara muka yi shiru, mota nawa za su turo.

Malam Buba ya naɗe buzunsa ya saɓa a kafaɗa.

"To ni na gama kallo," in ji shi.

Ranar da tireloli suka shigo Kabo, sai da aka rasa wurin tsayawa a gaban sito. Waɗanda suka yi haƙuri ba su sayar wa yaran Kawu ba suka ga amfanin haƙurinsu, waɗanda suka sayar suka tsaya daga nesa suna cizon yatsa. Malam Buba ya hau kan buhu, mutumin da ba ya son magana a taro, ya ce shi ya zauna a ofishin nan tun daga ranar da aka sake buɗe shi har yau, ga abin da ya hana saƙo tafiya, ga wanda ya gano, ga kuma wanda ya sayar da shanunsa. Bai ambaci sunan Kawu ba. Ba a bukata. Mutanen da suka daina amsa mini sallama suka riƙa zuwa suna kama hannuna da hannu biyu, suna tambayar lafiyar Inna. Na amsa musu duka. Amma na riƙe fuskokinsu.

Daga wannan aikin ne abincinmu ya canja. Ashe ba mu kaɗai ke da tsohuwar manhaja da aka rufe wa ƙofa ba. Wani mai kantin magani a Gwarzo ya aiko, sai wata makaranta, sai wani asibitin kuɗi. Duk inda na je abu ɗaya ne, tsohuwa tana aiki lafiya, na nesa ya ce sai da kulle, masu gida suna shirin zubar da ita. In sa mata ɗan aike, in duba agogo kafin komai. Abin da ya fi ƙarfina in kai wa Malam Yusha'u, Allah ya saka masa, bai taɓa rufe mini ƙofa ba. Da haka muka tashi daga Kabo muka dawo Gwarzo, da haka na buɗe shagon da kuka sani, da haka kowannenku ya wuce ajin da ni na tsaya.

Saura in gaya muku yadda muka ƙare da Kawu. Bayan tafiyar tireloli da 'yan kwanaki ya zo gidanmu, wai gaishe da Inna. Ya daɗe a ɗakinta. Da ya fito ya zauna a zaure ya aika a kira ni. Na zo na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaishe da kawu, ya amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi yara. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu, ya tura shi gabana da yatsa.

"Ga abinka. Abin da ya wuce ya wuce. Ka san shugabanci, mutane sun matsa mini, dole in ce wani abu. Ni da kai ai ba ta ɓaci. Har na ce wa Yaya zan taimaka maka da ɗan maraƙi."

Na dubi makullin, ban taɓa shi ba. Na san Inna tana bayan ƙofa tana ji, don haka ban ɗaga murya ba. Na ce:

"Kawu, ka riƙe maraƙinka. Tun ranar da ka faɗi maganar nan ka san ban yi ba, ni ma na san ka sani. Don darajar Inna zan gaishe ka duk inda muka haɗu, in ka riga ni tafiya kuma da ni za a ɗauke ka. Kwamfutar da na saya na bar wa manoma, aikinsu kuma ba zai tsaya ba, Malam Buba zai riƙa buɗe mini. Amma makullin nan ba a zaure ka karɓe shi ba. Ka kai shi ƙofar masallaci ranar Juma'a, ka jira mutane su fito, ka faɗa da bakinka cewa ƙarya ka yi mini, sannan ka miƙo. In ba za ka iya ba, mayar da shi aljihunka, ka riƙa jin nauyinsa duk sanda ka zo sujada."